Me ya sa gwanayenmu ke komawa manyan kamfanoni da zarar sun tara iyali?

Wani matashi mai haɗa manhaja a nan Kaduna ya aiko mini da wannan tambaya: "Yaya, shekarata uku ke nan ina aiki da wani ƙaramin kamfani sabon tashi. Na lura duk wanda muke yi wa kallon gwani, da ya yi aure ya samu ɗa ɗaya ko biyu, sai ka ji ya tattara ya koma wani katafaren kamfani, inda mutum zai shekara yana gyaran maɓalli guda a manhaja. Tsoro ne, ko gajiya, ko kuwa kuɗin ne kawai? Ina tambaya ne don ni ma an sa ranar aurena bayan babbar salla."

Ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Ka sa ni murmushi, don da kusan waɗannan kalmomin na taɓa yi wa wani ogana tsiya ranar da ya bar mu. Har cewa na yi ya tafi ritaya tun yana ɗan shekara 35. Bai tanka mini ba, dariya kawai ya yi. Bayan shekara huɗu ni ma na bi sahunsa, kuma yau wajen shekara shida ke nan ina yi wa wani babban kamfanin waje aiki daga ɗakin da na keɓe a gidana. Rijiyoyin biyu duk na sha ruwansu.

Lokacin ina wani kamfani na harkar biyan kuɗi, mu biyar ne injiniyoyi, kuma ni kaɗai na san cikin saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar kuɗin 'yan kasuwa. Ni na gina ta, makullanta na hannuna, har tinƙaho nake da hakan. Wani dare cikin damina zazzaɓi ya rufe 'yata ta fari, tana da wata goma sha huɗu, har ta fara jijjiga. Muka kwashe ta sai asibiti wajen ƙarfe ɗaya. Ana ta laluben jijiyar da za a sa mata ruwa, sai wayata ta hau ruri: saba ta tsaya, kuɗin mutane sun maƙale. Ba wanda zan miƙa wa. Na koma mota na ɗauko laftof, na zauna a bencin baranda sauro na ta cizo, na jona da datar wayata, ina jiyo kukan yarinyar ta taga ina buga umarni. Da maman yara ta leƙo ta gan ni, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Har a nan ma?" ta koma ciki. Yarinyar ta warke, alhamdu lillahi, yanzu tana aji uku a firamare. Amma 'yar tambayar nan ta fi shekara tana yi mini yawo a ka.

Ba wanda ya zalunce ni a daren. Mai kamfanin mutumin kirki ne, shi ma bai rintsa ba. Haka ƙaramin kamfani yake, kowane mutum ginshiƙi ne, in ya gusa rufi ya rufta. Saurayi yana jin daɗin a ce shi ne ginshiƙi. Magidanci kuwa ya riga ya zama ginshiƙi a wani wurin, kuma mutum ɗaya ba ya tallafe rufi biyu a dare ɗaya. To abin da manyanka suke bi ke nan: wurin da aiki zai ci gaba ko ba sa nan.

A inda nake yanzu mu takwas ne a rukuninmu, kuma zaman ko-ta-kwana, wato tsaron aiki ko da matsala za ta taso da dare, karɓa-karɓa ake yi, mako guda-guda. Ke nan sau ɗaya yake zagayowa kaina cikin wata biyu, kuma tun da wuri na san wane mako ne nawa. In ya faɗo makon salla, sai mu yi musanye da abokin aikina na Jamus, ni kuma in karɓar masa na Kirsimeti. A bayan mai tsaro akwai na biyu. In ƙararrawa ta buga aka yi 'yan mintoci ba a amsa ba, da kanta take tsallakawa wurinsa. Kowace matsala da aka saba gani kuma akwai rubutaccen bayanin yadda ake kashe ta, ta yadda wanda bai gina abin ba zai iya riƙe shi har gari ya waye.

Duk tarkacen ƙa'idojin da ke ba ku haushi, su ne suke sayo wannan barcin. Ka rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, layi goma, sai wani ya duba ya sa hannu kafin ya shiga. Na'ura ta bi shi da gwaje-gwaje. In an sake shi ma, mutum ɗaya cikin ɗari ake fara ba wa, a zuba ido, sannan a ƙara, kuma akwai hanyar janye shi nan take in ya kawo cikas. Da na fara zuwa, abin da nake gamawa kafin azahar a tsohon wurina sai ya ci mini mako guda, raina ya yi ta ɓaci. Sai ranar da ni kaina na saki wani kuskure. Gwajin kashi ɗaya cikin ɗarin nan ya kama shi, aka janye, aka rubuta rahoton abin da ya faru ba tare da an kama sunan kowa ba, tambayar da aka yi kawai ita ce wace kafa ce a tsarin ta bari ya wuce. A tsohon wurina da tuni waya ta ɗau zafi. Ba wai manya ba sa kwafsawa ba ne. Ran 19 ga Yulin 2024 sabuntawa guda ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Sai dai ko a irin wannan rana, kayan ba a kan mutum ɗaya yake ba.

Ka ambaci kuɗi. E, akwai kuɗi a maganar, amma ranar zuwansu ta fi yawansu muhimmanci. Saurayi in albashi ya yi jinkirin sati uku, sai ya koma garau-garau da indomi, ya ɗan ci bashin abokai, a wuce wurin. Magidanci a Kaduna kuwa kalandarsa a rubuce take tun kafin shekara ta kama: kuɗin makaranta a Satumba da Janairu da Afrilu, kuɗin haya na shekara a dunƙule, kayan azumi, ɗinkin salla, ragon layya. Ga kuma waɗanda ba sa cikin lissafi amma ba sa fashi, ƙanin da ya samu gurbi a ABU ko KASU, gwaggon da za a yi wa aiki a asibitin ido, biki da suna da rasuwa. Da zarar dangi sun ji kana "aikin kwamfuta", shi ke nan, kai ne bankin gida. Mai makaranta ba ya jin "muna jiran masu zuba jari su sa hannu". Yaro zai koro maka da takarda a aljihu.

Ƙaramin kamfani sau da yawa ba da ribarsa yake biyan albashi ba, da kuɗin masu zuba jari ne, kuma kuɗin nan suna da ranar ƙarewa. Ka tambayi mai kamfaninku wata nawa suka rage a asusu. In ya amsa maka kai tsaye, ka riƙe shi, mutum ne na gari. Tun daga Maris ɗin 2022 da babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, masu zuba jari suka tsuke bakin jaka, kuma kamfanoninmu na nan sun ji a jikinsu. A Maris ɗin 2023 bankin Silicon Valley ya rushe cikin 'yan kwanaki, alhali can ne kamfanoni sababbin tashi da yawa suke ajiya, har da wasu na Afirka. Masu kamfani suka kwana ba su san da me za su biya albashin watan ba, sai da hukumomin Amurka suka tsaya wa masu ajiya. Ka duba fa, abin da ya faru a Kalifoniya ne ya kusa hana wani sayen buhun masara a Kasuwar Bacci.

Sai maganar hannun jari, wadda da ita ake rarrashinku ku karɓi ƙaramin albashi. Tsarin da aka saba shi ne shekara huɗu kafin rabonka ya cika, kuma in ka tafi kafin shekarar farko ta ƙare ba ka da ko sisi. Ko ya cika ma, takarda ce har sai an sayar da kamfanin ko ya shiga kasuwar hannun jari. In aka sayar da shi da araha kuwa, masu zuba jari ne ke fara cire nasu, abin da ya rage shi ma'aikata za su raba, in ya rage. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Kowa yana kawo misalin Paystack, kamfanin biyan kuɗi na Najeriya da kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Gaskiya ne ya faru, amma dalilin da ya sa har yau shi ake ta ambata shi ne irinsa ba su da yawa. Ni ina da irin wannan takarda guda biyu a cikin durowa, ta kamfanonin da yanzu ko shafinsu ba ya buɗewa. Hannun jarin kamfanin da ke kan kasuwa kuwa, ranar da ya zama naka kana iya sayar da shi ka sayi bulo.

Dala dai kada ka haɗa ta da girman kamfani. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk mai karɓar albashi da kuɗin waje ya samu sa'ida, ko da kamfaninsa na mutum goma ne. Babban kamfanin gida, banki ne ko na sadarwa, naira zai ba ka.

Akwai kuma abubuwan da ba ka taɓa karantawa a takardar ɗaukar aiki, don yanzu ba su dame ka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari a asusun fanshonka, kai kuma a cire maka kashi 8. Dokar ta kuma ce a yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, don in ta Allah ta kasance iyalinsa su samu abin riƙewa. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta mayar da inshorar lafiya wajibi. Duk wannan a takarda ya hau kan kowane kamfanin da dokar ta shafa, amma a aikace babban kamfani ne ke bi sau da ƙafa, saboda masu binciken kuɗi da lauyoyi suna kansa. Na taɓa aiki a wurin da ake cire mini kashi takwas ɗin nan duk wata, sai bayan na tafi na duba asusun na tarar wata tara ba a zuba komai ba. Ba sata aka yi niyya ba, da kuɗin aka toshe wata ɓaraka, amma ni dai nawa sun tafi.

Inshorar lafiya kuwa sai ranar da aka ce za a yi wa matarka tiyatar haihuwa da tsakar dare, a ce ka ajiye kuɗi kafin a shiga da ita, sannan za ka san darajar ɗan katin nan. Sai dai ka lura da wani abu da ya shafe mu musamman: tsarin da aka fi sabawa da shi yana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu ne. Hajiya da Baba ba sa ciki, in Allah ya ƙaddara maka ta biyu ita ma ba ta ciki, sai ka biya ƙari. Kuma ka duba jerin asibitocin da katin ke aiki a cikinsu a nan Kaduna. Wani katin a Legas zaki ne, a nan kyanwa.

Hutun haihuwa ma haka. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba mace mako 12 da aƙalla rabin albashi, uba kuwa ba ta ce komai a kansa ba. Sai a 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza kwana 14. Kwatanta da Microsoft, wanda tun 2015 ya ba ma'aikatansa na Amurka, uwa ko uba, mako 12 da cikakken albashi, uwar da ta haihu kuma nata ya kai mako 20. Lokacin ɗana na biyu, ranar suna ina tsakar gida ana rabon goro da dabino, waya na kunnena ina yi wa wani bayanin yadda zai tayar da saba. Lokacin ta uku kuwa sai da aka yi arba'in ina gida, ni ke kai yara makaranta in ɗauko su, kuma da na koma aikina na nan yana jirana, ba wanda ya yi mini gori. Ga 'yan'uwanmu mata masu wannan sana'a abin ya fi haka nauyi. Na san gwanaye biyu da suka ajiye aikin gaba ɗaya bayan haihuwar fari, ba don mazansu sun hana ba, sai don a kamfanin mutum shida ba wanda zai riƙe maka kujera wata uku.

Yanzu maɓallin nan guda da kake yi wa dariya. Maɓallin da mutum miliyan ɗari ke dannawa ba irin wanda ka sani ba ne. Sai ya yi aiki da Larabci da ake rubutawa daga dama, sai makaho ya iya gane shi da manhajar da ke karanta masa allo, sai ya buɗe a ƙaramar Tecno mai cikakken ciki a wurin da sabis ke sanda ɗaya, kamar ka bar Kaduna ka nufi Birnin Gwari. Matsalolin da ke ɓullowa in abu ya yi wannan girman, ba za ka taɓa haɗuwa da su a kamfani mai kwastoma dubu biyar ba. Kuma a ƙaramin wuri, bayan shekara biyar kai ne malamin kowa, ba mai gyara maka. Na shiga babban kamfani ina ji da kaina, sai wata mata 'yar Indiya da ta yi shekara ashirin a kan rumbun bayanai ta duba aikina na farko ta mayar mini da tambaya goma sha ɗaya, ban da amsar ko rabinsu. Na ji kunya, amma rabona da in ƙaru kamar yadda na ƙaru a watan nan tun ina makaranta. Wani abin kuma, tsani biyu ne a can. Wanda yake son shugabancin mutane ya bi na manaja, wanda yake son ya tsufa yana rubuta kod ya bi na injiniya, kuma albashin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa. In ka gaji da wani sashe, ka nemi wani a cikin gida ba tare da shekarunka sun zube ba.

To amma kada in sayar maka da doki ban nuna maka ƙafarsa mai ɗingishi ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara 22 a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Mun tashi muna jin jiniyar canjin aiki, muna ganin kekuna sun cika titi kamar fari. Akwai asibitin ma'aikata, akwai atamfa da salla, albashi ba ya saɓa rana. Duk abin da na lissafa maka a sama, shi ma abin da ya riƙe shi ke nan, kuma ya ƙi tayin wani ɗan'uwansa na su buɗe shago a Kasuwar Sheikh Gumi saboda, a cewarsa, kamfani ba ya mutuwa. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da kayan fasa-ƙwauri suka taru, a farkon shekarun 2000 ƙofofin suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu yana bin haƙƙinsa. Ɗan Kaduna bai kamata a ba shi labarin cewa babban kamfani ma yana faɗuwa ba, in ya manta ya bi ta Kakuri ya ga ciyawar da ta cinye harabar.

A tamu sana'ar ma mun gani. A Nuwamban 2022 Meta, mai Facebook, ta sallami mutum 11,000. A Janairun 2023 Microsoft ya sanar da 10,000, Google 12,000. Ma'aikatan Twitter na ofishin Akara an sallame su a Nuwamban 2022, sai da suka ɗauki lauya suka daɗe suna bin kuɗin sallamarsu. Cibiyar injiniyoyi da Microsoft ya buɗe a Legas a 2019, wadda da yawa daga cikinmu suka yi mafarkin shiga, an rufe ta a 2024. Kuma irin wannan sallama ba ruwanta da ƙwazonka. A wani ɗaki da ba za ka taɓa gani ba aka ja layi a kan wani sashe, kai kuma kana ciki. A ƙaramin kamfani aƙalla kana ganin hadarin yana haɗuwa, kana ganin fuskar oga ta sauya. A babba sai dai ka tashi da safe ka ga imel. Bambancin kawai, Meta da Google sun ba ma'aikatansu na Amurka albashin mako 16 da ƙarin mako biyu kan kowace shekarar aiki, kuma sunan kamfanin a takardarka yana buɗe maka ƙofa ta gaba. Ƙaramin kamfani in ya mutu, sau da yawa da albashinka na wata biyu a bakinsa yake tafiya. Ni dai saboda Baba, ba na bari asusun ajiyata ya gaza abin da zai riƙe gida wata shida, kuma ina da 'yar gona a hanyar Zariya.

Abu na biyu, kuma nan ne 'yan'uwanmu suka fi faɗawa rami: da yawa daga cikin masu cewa suna yi wa babban kamfanin waje aiki daga gida, 'yan kwantiragi ne, ko kuma wani kamfanin tsakani ne ya ɗauke su. Ɗan kwantiragi ba shi da fansho, ba inshora, ba hutun haihuwa, kuma da sanarwar 'yan makonni ake rabuwa da shi. Yana ɗauke da jinkirin babban kamfani ba tare da inuwarsa ba. Manyan na gida kuma, irin su Interswitch da bankuna da kamfanonin sadarwa, mafi yawansu hedikwatarsu na Legas, sai ka lissafa haya da cunkoso da nisa da iyaye kafin ka kwashi amarya. Na waje ma sun fara janye igiyar aiki daga gida; Amazon ya mayar da ma'aikatan ofis kwana biyar a mako daga Janairun 2025.

Ga lokaci. Tsakaninmu da gaɓar yammacin Amurka awa takwas ne ko tara, gwargwadon lokacin shekara. Ƙarfe tara na safiyarsu shi ne biyar ko shida na yammarmu, wato mitin ɗinsu na farko yana faɗowa daidai ɗauko yara daga Islamiyya da shirin magariba, da azumi kuwa a bakin shan ruwa. Ni na toshe lokutan salla da na Juma'a a kalandata tun makon farko, ba wanda ya taɓa ɗaga mini gira, amma akwai ranakun da sai goma na dare nake rufe kwamfuta. Kamfanin Turai ya fi dacewa da mai iyali a nan, don Ingila da Jamus bambancinmu bai wuce awa ɗaya ba. Wuta kuma matsalarka ce, ba ta kamfani ba. Sai da na sa sola da inbata da layin intanet biyu kafin hankalina ya kwanta, don ba a cewa "an ɗauke wuta" sau biyu a mitin ɗaya.

Gundura ma gaskiya ce. Akwai makon da mitin ya fi kod yawa. Akwai aikin da za ku yi wata takwas a kai, wani babba ya sauya ra'ayi a binne shi. Ƙarin girma yana bukatar ka iya tallata aikinka a rubuce, abin da tarbiyyarmu ta kunya ba ta koya mana ba, kuma na ga waɗanda ba su kai ni ba sun wuce ni saboda sun fi ni iya wannan. In ka yi sake kuma, sai ka ƙware a kayan aikin da a cikin kamfanin kaɗai ake amfani da su, ranar da ka fito ka ga duniya ta yi gaba. Shi ya sa ba kowa ke tafiya ba. Ina da aboki, sa'ana, 'ya'yansa huɗu, har yau a ƙananan kamfanoni yake kuma yana jin daɗinsa. Sai dai matarsa ma'aikaciyar gwamnati ce, albashinta da inshorarta ne ke riƙe da ƙasan tukunyar, shi yake farauta. Kowane gida da irin lissafinsa.

Kai kuwa, da shekara uku, ba zan ce ka tashi gobe ba. Abin da kake koya yanzu, ka taɓa saba, ka taɓa allo, ka yi magana da kwastoma da bakinka, babban kamfani ba zai ba ka shi a shekara goma ba, kuma shi ne zai sa su ɗauke ka da daraja in ka je. Shekara ɗaya ko biyu na farkon aure, kafin kuɗin makaranta su shigo, kana da sauran filin kasada. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Intabiyunsu zagaye huɗu ne ko biyar, da warware matsala a gaban mutum yana kallonka, da zana yadda za ka gina babban tsari, kuma shirinsa yana cin watanni. Ni sau biyu ina faɗuwa kafin na uku. Ka fara tun yanzu, ko awa ɗaya bayan asuba, don in jariri ya zo wannan awar ma ba taka ba ce. A inda kake kuma, ka fara koya wa wani duk abin da kai kaɗai ka sani, ka rubuta shi, ka raba makullan. Wannan ba sai ka jira babban kamfani ba.

Ranar da tayi ya zo, kafin ka kalli adadin albashin ka tambaya: cikakken ma'aikaci ne ko ɗan kwantiragi, mutum nawa ke karɓa-karɓar tsaro, waɗanne asibitoci katin ke aiki a Kaduna, me aka rubuta game da sallama, kuma wa ya yi hutun haihuwa na ƙarshe a rukunin, ya dawo ya tarar da kujerarsa? In takardar ta zo, kawo mini ita gida ranar Asabar bayan la'asar mu karanta tare, ka taho da katin bikin. Makon nan ba ni ke da tsaro ba.